Ranar da na toshe tukunyar tururi

Ni ne dai, da furfurata da gemuna, na kusa tashin shagon mutane a Shisanhang, kasuwar riguna a China, da guntun tsumma.

Matar da nake saro riguna a wurinta, wadda muke kira laoban, wato uwar shago, tana da ɗakin guga a bayan shago. Tukunyar ƙarfe ce ake dafa ruwa a ciki, tururin ya bi tiyo zuwa dutsen guga. Rannan na shiga duba kayana, sai na ji wani ɗan bututu a saman tukunyar yana tsiii. A Kano in abu yana yoyo ba ma tambaya, ɗaurewa muke yi. Na tura tsumma, na zaro robar da ke aljihuna na naɗe tamau. Har wani murmushi na yi, wai na taimaki 'yan China.

Ihun laoban ne ya dawo da ni. Ta kashe wuta, ta kori masu guga huɗu waje, ta tunkuɗe ni kamar buhu.

Abokin tafiyata, wani Alhaji ɗan Maraɗi, yana jin yarensu. Ya ce, "Kai tsoho, da gangan aka bar ramin nan! Tun injinan farko masu zuƙe ruwa daga ramin kwal ake yinsa. In tururi bai sami hanya ba, tukunyar fashewa take, ta tafi da kowa."

Kunya ta zo, amma haushi ya fi ta. Ubana fa ɗan wuta ne a jirgin ƙasa. Rabin ransa yana watsa kwal a bakin tukunya, hannayensa duk tabon ƙuna. Ko sau ɗaya bai zaunar da ni ya ce ga yadda abin yake ba. Manyansa ma shebur suka miƙa masa, ba bayani. Aka bar injinan jirgin suka ruɓe cikin ciyawa, awaki na kwana a ƙarƙashi, ni kuma aka tura ni kasuwa da aji uku.

Shekara tara ina ciniki da matar nan, ban san wani shagon ba. Na ce Alhaji ya ba ta haƙuri. Ta daɗe tana magana tana nuna ni da almakashi, kafin Alhaji ya fassara min.

"Ta ce za ta ci gaba da sayar maka, amma daga bakin titi. Kuma tana tambaya, wai ku a garinku duk abin da ya yi kuka toshe masa baki kuke yi?"