Inna a bangon Turawa

Jama'a, yau na ga Inna a ƙasar Finlan!

Ladi, 'yata mai karatu a nan, ta kai ni yawon buɗe ido. Tsohuwar coci, gidajen katako, gari shiru kamar ɗakin jarrabawa. Sai muka shiga gidan tarihi. A bango ga hotunan da wani Bature mai haƙar rijiya ya ɗauka a Kuje, tun Abuja tana daji.

A ɗaya daga cikin hotunan, ga wata mata, ƙwaryar doya a kafaɗa, ɗaukar Gbagyi sak, tana hararar mai hoto. Da hararar nan aka raine mu!

Na ce, "Inna!"

Ladi ta ce, "Baba, a hankali, nan ko tari sai da izini."

Na ciro waya. Dattijuwar da ke gadin ɗakin ta ce an hana ɗaukar hoto. Na ce, "Mahaifiyata ce. Ta rasu ba mu da hotonta ko ɗaya."

Ta dube ni, ta dubi Inna. Sai ta juya mana baya, ta tsura wa taga ido kamar yau ta fara ganin dusar ƙanƙara.

Yaya Asabe, nemi wuri ki zauna tukuna. Ga shi nan na turo!