Shekarar da Habboba Ta Yi Shuka da Rediyo

A gidanmu na Umbadda, a Umdurman ta Sudan, tsakanin rumfar tsakar gida da katangar maƙwabta, akwai wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Na kakata ne ta wajen uba, wadda muke kira Habboba kamar yadda yaran unguwa ke kiran kakanninsu, kuma ba ta yarda a ce masa fili. Gona take cewa. Wanda ya kuskura ya yi dariya, to ranar zai ci tuwonsa da miyar da ba ganye.

A Jazira ta yi ƙuruciyarta tana cirar auduga, saboda haka hannunta ya san ƙasa. Idan sanyi ya shigo, wanda muke kira shita, gonar kan cika da albasa da tumatir da jarjir, wani ganye da ake ci ɗanye, ni da ƙannena mu riƙa satar tumatir ɗanye muna ɗora wa akuyar maƙwabta laifi. Da zafin sef, wato bazara, ya kama sai ta bar ƙasa ta huta, ba abin da ke tsaye sai zogale da wani lemun tsami mai taurin rai. Harif kuwa, lokacin ɗan ruwan saman da muke samu, na kuɓewa ne da lalo da yakuwa. Da gonar nan na fara sanin watanni, tun kafin a koya mini su a makaranta.

Amma abin da Habboba ta fi ji da shi gauta ce. Ka zagaye Kasuwar Umdurman tun daga masu kayan yaji har 'yan ƙira, ba za ka samu ko ɗaya ba. Mahaifiyarta ce ta ƙullo irin a bakin zane lokacin da suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, tafiyar da ta tsaya a Sudan. Tun daga nan, kowace shekara ake barin 'ya'ya biyu ko uku su nuna su yi ja, a cire iri a shanya. Mu yara ba ma son ta saboda ɗaci, amma tsofaffin Hausawa har daga Khartum suke hawo mota su zo gaishe ta, kuma kowa ya san gautar ce ta kawo su.

Babana tela ne a kasuwa. Wata rana ya dawo da rediyo mai gajeren zango a hammata, ya ce na Innarsa ne. Ya ɗaura siririyar waya a jikin eriya, ya ja ta har reshen zogale, ya ce da haka za ta jawo murya daga nesa. Daga ranar yammacinmu ya canza. Bayan magariba a hura gawayi a kanun, ɗan murhunmu, a ɗora kofi, mu kewaye wuta, Habboba ta ɗora rediyo a cinya tana murɗa shi a hankali. Sai ka ji shuuu, ka ji wani yare ya wuce, wani ya biyo shi, can sai ga Hausa tangararas daga wata ƙasa da ba mu taɓa gani ba. Idan aka saka kalangu ko goge, kafaɗunta su fara motsi ba da saninta ba, ta bayan katanga kuma rediyon maƙwabta na kaɗa ud, garaya irin ta nan, kiɗan biyu su cakuɗe a saman gonar. Ni dai har yau ban ji kiɗan da ya yi mini daɗi kamar wannan cakuɗen ba.

Da shirin ya ƙare sai ta kashe don kada batir ya tafi a banza, ta dube mu ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu amsa, "Ta shigo, akwai wuri." Daga nan tatsuniya ce har a kira isha'i.

Shekarar da nake ba da labari, akuyar da muka daɗe muna yi wa ƙarya ta rama. Ta tsallako katanga a ƙarshen shita ta cinye gautar da aka bari ta nuna. Abin da ya rage wa Habboba na iri bai cika cokalin shayi ba, kuma shi ke nan, babu wani a ko'ina da muka sani.

Ana tsakiyar sef, lokacin da ko ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa da rana, mai rediyo ya ba da labari cewa ruwan farko ya sauka a ƙasar Hausa, manoma sun fita shuka. Ya bi labarin da kiɗan noma, ganga na tashi, maza na amshi. Na ga idon Habboba ya kawo ruwa, tana murmushi. Washegari da sassafe muka tarar ta gyara fangali guda a gonar, ta yayyafa irin gautar duka, ba ta rage ko ƙwaya ba.

Baba ya tsaya a kanta da kofin shayi a hannu. "Inna, me kika shuka?"

"Gauta. Ba ka ji ba jiya? Damina ta faɗi."

"A can ta faɗi, Inna. Nan Umdurman ne. Saura wata biyu kafin mu ga hadari, in ma mun gani. Da kin bari sai harif."

"Ni za ka koya wa noma? Ina riƙe da fartanya kafin a san za a yi ka. Irin nan ɗan can ne, lokacin garinsu ya sani. Ka tafi ga allurarka."

"Halas, shi ke nan," in ji Baba, ya ajiye kofin ya fita.

Irin ya tsiro kuwa, sama da talatin, kore shar. Kwana uku Habboba na tafiya tana wani ɗaga kai, idan Baba ya wuce ta ce da ni da ƙarfi, "Ƙawata, zo ki ga abin da aka ce ba zai fito ba." Sai iska mai zafi ta taso. Ta yi musu ban ruwa safe da yamma, ta kafa musu tsohon zani, duk a banza. Kullum da yamma mu ƙirga, kullum a ragu. Baba kuwa ya kama bakinsa. Yana gaishe ta, tana amsawa, amma iyakarta ke nan. Ya daina zama wurin wuta, sai ya ja kujera can bakin ƙofar ɗaki yana saka maɓallai. Gidan ya yi mini nauyi, don ban saba ganin su haka ba.

Ranar da suka rage uku, Habboba ba ta kunna rediyo ba. Ta zauna tana juya gawayi da ɗan ƙarfe, can ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa," amma da muryar da ta fi ta kullum ƙarfi, yadda za ta kai bakin ƙofar ɗaki.

Tatsuniyar wata tsohuwar zabuwa ce da ta baro yamma ta zauna a gabas, bakin wani babban kogi. Ta yi shekaru a can, ta haifi 'ya'ya, har ta iya kukan tsuntsayen wurin, amma kunnenta kullum yana yamma. Wata rana iska ta kawo mata kukan danginta suna murna, suna cewa ciyawa ta fito, lokacin ƙwai ya yi. Zabuwa ba ta dubi ƙasar da take takawa ba, ba ta ɗaga kai ta dubi sama ba. Ta je fili fetal ta zuba ƙwanta duka. Aka ce mata, baiwar Allah, nan ko tsinke bai tsiro ba. Ta ce ita za a gaya wa ƙwai? Rana ta fito ta dafa ɗaya. Gobe ta dafa biyu. Zabuwa ta baza fikafikai ta rufe, rana ta bi ta ƙarƙashi. Habboba tana yi tana kwaikwayon tafiyar zabuwa da wuya, muna ta dariya, har ta kai inda ƙwai ya rage uku, zabuwa na tsaye a kansu, ga zafi, ga kunyar komawa wurin waɗanda ta yi wa tsawa.

Nan ta tsaya.

"Sai me ya faru, Habboba?" na tambaya.

"Wallahi ƙawata, nan na manta."

Muka dubi juna. Matar da ke riƙe da sunan kowane kare da kowace kura a tatsuniya hamsin, ba mu taɓa jin ta manta ko waƙa ɗaya ba. Ƙannena suka fara magiya, ta ce ita dai ta manta, tsufa ne.

Sai muka ji Baba ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "Ni na san ƙarshenta," ya ce, bai ko ɗago daga rigar da ke cinyarsa ba. "Ai zabuwar tana da ɗa. Wani mummuna ne mai taurin kai, ita ya gado. Ya zo ya ce mata, Inna, ba ke kika yi kuskure ba, iska ce ta yi saurin kawo labari. Ni kuwa na san wani wuri mai inuwa inda ruwa ke ɗiga dare da rana. Kawo ƙwan mu kai can, su jira ciyawa."

"Haka aka yi," in ji Habboba, tana kallon wuta. "Yanzu na tuna. Mummunan ne ya zo."

Baba ya ajiye rigar, ya ɗauko gwangwanayen madara uku, ya huda gindinsu da ƙusa. Ya sa cokali ya ɗebo kowane tsiro da ƙasarsa, a hankali kamar mai zare ɗinki. A ƙarƙashin rumfa akwai zir ɗinmu, babbar randar ƙasa da ke zaune kan ƙarfe, wadda gindinta ke ɗigar ruwa mai sanyi ɗis-ɗis cikin wani kwano. Ya janye kwanon, ya jera gwangwanayen a wurin. Habboba na biye da shi tana ba da umarni, matsa wannan, juya wancan, kamar dabarar tata ce tun farko. Da suka gama ta koma ta kunna rediyo, aka dace ana garaya, ta miƙa masa kofi da hannunta.

Biyu sun mutu duk da haka. Ɗaya ya rayu a gindin zir har hadari ya haɗu, ruwan harif ya sauka, aka mayar da shi gona tsakanin kuɓewa da lalo. Kafin shita ta kankama ya yi 'ya'ya goma sha ɗaya, ni na ƙirga. Habboba ta bar biyar suka yi ja. Na shida ta yanka gida huɗu ta ba ni ɓari, na ci don kada in ɓata mata rai, kuma ɗacin bai ragu ba ko kaɗan. Daga shekarar, idan rediyo ya ce damina ta faɗi, sai ta tashi ta taka rawarta son ranta, ta ce Allah ya ba su albarka, ta koma ta zauna.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin gargaɗi ga mai taurin kai, kuma haka na riƙa ba wa 'ya'yana ita. Sai bayan rasuwar Habboba da shekaru, ina dasa gauta a bokitai a barandar gidana a Khartum, Baba ya zo mini yini, gashinsa duk ya yi fari. Na tambaye shi a ina ya koyi ƙarshen labarin zabuwa, tunda ban taɓa jin wani ya ba da shi ba.

Ya yi dariya har da tari. "Wane ƙarshe? Ita ma a ranar ta ƙirƙiro ta. Uwata ce ke neman taimako a gaban jikokinta, ba ta da hanyar faɗa sai wannan. Da na tsaya jiran ta ce mini ka yi gaskiya, da yanzu ba ki da abin sawa a bokitin nan."

Na dube shi, ƙaunarsu su biyun ta cika mini ciki. Na tuna mutanen da na bari muka yi nisa don kawai ina jiran su furta kalmar da bakinsu ba zai iya ba, alhali sun yi ta kewaye-kewaye a gabana suna nuna mini. Ɗaya daga cikinsu ƙanwata ce da ke zaune a Umbadda, wadda muka yi wata biyar ba ma magana sai gaisuwa. Ko sati biyu ba a yi ba da ta aiko tana tambaya wai ko a wane wata ake shuka gauta, ita da ta fi ni sani. Na wanke hannu, na ƙulla mata iri a takarda, na ce da Baba ya tashi ya raka ni Umbadda.