Dankalin da Iya Tabawa Ta Ajiye wa Jikarta

Wata rana wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta kai jikarta Ladidi asibitin garinsu. Dundumi ke damun yarinyar. Da magariba ta kawo jiki sai ta kama laluben bango, tana tuntuɓe da turmi.

Malamar asibiti ta ba su magani, ta ce su dawo a sake duba ta. Ta ƙara da cewa a riƙa dafa mata dankalin nan mai jan ciki, yana da sinadarin da ido ke so.

Ikon Allah, kawun yarinyar irin wannan dankalin ya noma a fadama. Buhu guda ya aiko.

To, Iya Tabawa akwai tattali. Irin tsofaffin nan ne da ko daddawa sai sun gutsura sun mayar da saura. Ta taɓa ganin yunwa ido da ido, ta san yadda gida ke zama idan bazara ta yi tsanani.

A ganinta, abu mai daraja haka ba a cinye shi da kaka.

Ta fere shi tsaf, ta yayyanka, ta shanya a kan rufin kwano. Rana ta yi ta dukansa har ya bushe ƙayau. Ta ɗure a buhu, ta tura ƙarƙashin gado.

Ladidi ta yi ta roƙo a dafa mata ko ɗaya. Iya ta yi ta lallashinta, wai nata ne, ba mai taɓawa, ta dai ƙara haƙuri.

Asibiti kuwa ba a koma ba. Ai magani yana ɗaki!

Wata ya bi wata. Sai ga wani farin tabo a idon yarinyar na hagu. Hankalin Iya ya tashi. Ta ƙulle busasshen dankalin a bakin zane, ta goya Ladidi, sai asibiti.

Malamar ta juya yankan a tafin hannunta. Ya koɗe, ya yi fari fat.

"Iya, mai jan ciki na ce miki. Ina jan?"

"Wallahi 'yar nan, da jansa na ajiye shi."

"Ai jan nan shi ne amfanin. Rana ta ci rabi, ajiya ta cinye sauran."

Iya ta zauna daɓas a ƙasa.

Jama'a, abin da ya fi ci mini rai, matar nan ba muguwa ba ce. Ita kanta ko yanka ɗaya ba ta kai bakinta ba.

An ceto idon dama. Na hagun ya tafi ke nan.

Duk wanda ya shigo jaje, magana ɗaya take maimaitawa tana share hawaye: "Ni fa ita na ajiye wa."

Darasi: Ba kowane alheri ne ke jure ajiya ba. Abin da naka yake buƙata yau, ba shi yau. Idan kuma an ce ka dawo asibiti, don Allah ka koma.

Ku tura wannan ga masu tsofaffi a gida, ku karanta musu da kanku.