Littafin da Kawu Ya Ba Auta

A ofishin da ake rubuta manhaja, kowa Kawu yake ce masa, har Manaja. Ya fara aikin tun kwamfuta tana cinye rabin tebur, kuma abin da ya tara a duniya bai wuce littattafai ba. In an ɗauki sabon ma'aikaci, sai Kawu ya zuba masa ido ya ga irin aikinsa, sannan ya ajiye masa littafi guda. Mai gaggawa ya ba shi na gadojin da suka rushe. Mai cusa maɓallai barkatai a fuskar manhaja ya ba shi na tsara ɗakin girki. Sharaɗinsa ɗaya ne: ranar da ka dawo da shi, ka faɗi inda marubucin ya yi kuskure.

Da idonsa ya fara dusashewa, likita ya ce babu gyara, sai burinsa ya koma ɗaya: ya sami mai karatu da zai bar wa littattafan. Ransa ya kwanta da Auta, yarinyar da ta shigo daga jami'a, don ita kaɗai take yi masa musu. Ya miƙa mata wanda ya fi so, mai kauri, a kan rubuta manhajar da na bayanka zai iya gyarawa.

"Kawu, wannan ai bulo ne! Babu bidiyonsa?"

"Akwai, 'yar nan. Ni ne bidiyon, kuma na kusa ɗaukewa."

Ta yi dariya. Kullum ya tambaya, sai ta ce tana kai.

Bayan ya ajiye aiki, ya sa 'yarsa ta ɗaure littattafan a kwalaye, ta jera su bakin ƙofa, suna jiran Auta. Ran da Auta ta zo gaishe shi, ta durƙusa ta sa masa littafin a hannu.

"To, ina ya yi kuskure?"

"Wallahi Kawu, duk ya yi daidai."

Ya shafa bangon. Yatsunsa suka faɗa wata zagayayyiyar lotsawa a tsakiya, sawun gindin allon kwamfuta. Ashe duk watannin nan littafin yana kan teburinta, ta ɗora allo a kai don ya daidaita da idonta. Sau nawa ya wuce ta wurin bai gani ba!

"Madalla," in ji shi. "Ko ba komai wuyanki ya huta."

Ya tambaye ta mutanen ofis, ya sa mata albarka, ta tafi.

'Yarsa ta leƙo. "Baba, kwalayen fa? Ba ta ɗauka ba."

"Ban gaya mata ba. Mayar da su ciki."

Ya daɗe zaune da littafin a cinya, babban yatsansa yana zagaya sawun.