Zagayen Gwaggo Hansatu a Tsakar Gida

Haɗeja

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, na rataya jaka na fita. A ciki akwai ɗan littafin da aka aiko mana daga sama, mai koya wa ma'aikatan lafiya yadda za su sa masu ƙiba motsa jiki, da takardar ba shi maki. Ni malamar jinya ce, an tura ni asibitocin ƙauye in ga ko littafin ya yi. Amma ba don takarda na yi sammako ba. Wata huɗu da suka wuce ƙanwar babana, Gwaggo Hansatu, ta zo mini da hawan jini, jiki ya yi mata nauyi har ruku'u na gagarar ta. Na karanta mata abin da littafin ya ce: tafiya da sauri, rabin awa kullum. Na ce in ba ta yi ba, jinin nan zai kayar da ita. Tun ranar ban sake jin ɗuriyarta ba.

A tasha direba ya dubi wata mata mai jiki ya ce, "Hajiya, kujera biyu fa za ki kama."

Ta ce, "Kawo uku ma. Mai gidana ne ya ciyar, ba kai ba."

Kowa ya yi dariya ban da ni.

Kirikasamma

Mun iso bakwai da kwata, bayan shingen jami'an tsaro ɗaya inda aka roƙe ni maganin ciwon kai. Na karya da kunu da ƙosai a bakin tasha, na wuce ƙaramin asibiti. Ma'aikacin wurin, Malam Sale, ya zaro nasu littafin daga aljihun tebur, ko ledarsa ba a yage ba. Muka bi tambayoyin takardar makin. Masana ne suka rubuta? E. Bayani ya fita sarai? E. Muka zo shafin da ke ba da shawarar hawa keke da iyo.

Ya ce, "Malama, matan aurenmu ne za su yi iyo? Ina gurbin da ake rubuta ko abin zai yiwu?"

Na duba gaba da baya. Babu.

Bayan Baturiya

Ɗan acaɓa ya kai ni inda ruwa ya cinye hanya, daga nan sai kwalekwale, minti arba'in muna kutsawa cikin ciyawar kacala. Ana kiran azahar na yi sallama gidan Gwaggo.

Na same ta kwance a tabarma, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. 'Yarta Ladidi ce ta ba ni labari. Gwaggo ba ta fita, matar kulle ce tun tana amarya. Don haka kullum da asuba sai ta kama zagaya tsakar gida, daga rumbu zuwa rijiya ta dawo. Ba ta da agogo, sai take ƙirgawa da carbi. Maƙwabta suka leƙo ta kan zana, suka ga mace mai jikoki tana ta zagaye, ba tulu ba tsintsiya, baki na motsi. Kafin mako magana ta gama gari cewa iska ta taɓa ta. Ta rantse ni na sa ta, aka ce wane asibiti ne zai sa mutum yawo babu inda za shi. Aka kawo mai ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka zaunar da ita a ɗaki wata uku. Ranar wata Juma'a ta faɗi.

Mijinta, Malam Idi, ya shigo muka gaisa. Na ce, "Baba, magani ne fa kuka hana ta."

Ya ce, "'Yata, ita kika karanta wa. Ni da ke da ikon gidan, kin aiko mini ko da saƙo?"

Haushinsa nake ji. Masanan da suka rubuta littafin ba su san akwai wani Malam Idi a duniya ba. Ni na sani, a gidan nan aka yaye ni, kuma ban aika ba.

Gwaggo ta yafito ni da hannun hagu. Da ƙyar maganar ke fita. "Kwana tara na yi. Gwiwar har ta fara sakina."

A ɗakinta na kwana. An kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, na ture kwanon gefe. Da safe na nuna wa Ladidi yadda za ta riƙa juya ta da miƙe mata hannu. Kai ta asibitin gari kuwa sai ruwa ya janye, don ba mai iya ɗora ta a kwalekwale. Ina yafa mayafi Gwaggo ta ce, "In na tashi, in ci gaba?"

Na ce ta huta tukuna.

Gida

Na shigo Haɗeja bayan la'asar, ƙafa duk taɓo. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa mai kwalekwalen da ya jira ni a bakin ruwa. Gwaggo kuwa ban san da wane baki zan gode mata ba. Duk yawon da na yi, ita kaɗai na tarar ta ji maganata.