Iskar da Aka Ɗura Mini a Jijiya

Ina alwalar La'asar a gidanmu da ke ƙauyen Zakka na ji ƙafata ta hagu ta fi ruwan butar sanyi. Kwana uku ina ɓoyewa, sai da zuwa rijiya ya gagare ni na faɗa wa Inna.

Daga asibitin Safana aka tura mu Katsina, daga can sai Kano. Baba ne ya raka ni, ya bar shanunsa a hannun ƙaninsa. Likita ya ce jijiyar jini ce ta toshe, dole a ɗauki hoto a ga wurin, in ba haka ba, zan iya rasa ƙafar. Amma ruwan aidin da ake ɗurawa a jijiya don ta fito a hoto, ƙodata ba za ta iya ɗaukarsa ba. Sai dai a ɗura iska, in ji shi.

Tun ina ƙarama nake ganin Baba in zai yi wa saniya allura yana ɗan bugun sirinji da farce har kumfan ƙarshe ya fita, yana cewa iska in ta shiga jini magana ta ƙare.

Likitan ya ja kujera ya zauna kusa da Baba. Ya ce ba iskar ɗaki ba ce, irin wadda muke fitarwa ce in mun yi numfashi. Jini na shanye ta nan take, huhu ya fitar. Baba ya juyo ya dube shi.

"To, likita, a fara ɗura mini in ji. Sannan a taɓa uwata." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Baba, ai taka ƙafar lafiya lau take," in ji likitan.

Ba a bar shi ya shiga ɗakin ɗaukar hoton ba. Da aka fara, na ji ɗumi yana gangara mini cinya, sai na riƙe numfashi. Wata nas ta kama hannuna, ta ce in saki, ai ta hancina za ta fita. Na yi ta salati ina jiran mutuwa.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Likitan ya sauke takunkumin fuskarsa, ya sunkuyo.

"Ƙanwata, mun ga wurin, ƙasan gwiwa ne, mun buɗe. Ba za a yanke ba."

Na ce a kira mini Baba. Ya shigo da hularsa a hannu, ya zauna a ƙasa gefen gadon, ya dafa ƙafata ta hagu.