Saura Mutum Ɗaya

Shekarun baya abin ya faru, kuma ban taɓa ba ku labarinsa ba. Jiya ne wata a cikinku ta tsokano ni, ta ce, "Anti, mutane na maganar kwalliya da wa ya auri wa a finafinan Sallah, ke kina can kina maganar carar zakara a bayan fage." Na yi dariya har na ƙware. Gaskiyarta. To ku gyara zama ku ji dalili.

Ni dai kun san ni, ba fita nake ba, boko ma ban yi nisa ba, wannan rubutun da kuke gani da ƙyar da jiɓin goshi nake harhaɗa shi. Fim kuma da kunne nake kallonsa. A kai memori kasuwa wurin masu turawa a cika mini, in jingina waya da gwangwanin madara, hannuna na kan tsintar wake ko tankaɗe. Sai in ɗaga kai jefi-jefi in ga wa ke kuka. Shi ya sa finafinan aljanu da suka fito bana ba su yi mini komai ba. A shafa wa yarinya hoda, a sake mata gashi, a buga ganga kamar za a fasa waya, wai mu ji tsoro. Ni tsoron da na taɓa ji a fim, da rana tsaka na ji shi, a fim ɗin soyayya, babu ganga babu hoda.

Mahaifina ɗan kamasho ne a tashar Kaura, layin Shinkafi. Aikinsa kira. Ya tsaya jikin mota yana dukan ƙarfenta da tafin hannu har ta cika. Haƙorinsa na gaba ya fita tun yana saurayi, saboda haka in ya ce "saura mutum ɗaya" sai maganar ta fito da wani ɗan fito siriri ta giɓin, ya bi ta da busasshen tari guda biyu. Muna yara muna kwaikwayonsa, ya bi mu da hula.

Wata safiya ya fita aiki bai dawo ba. Lokacin hanyar Zurmi ta fara lalacewa. Aka tsinci wata mota a gefen daji, ƙofofi a buɗe, babu kowa. Wasu 'yan tasha suka ce yana cikinta. Wani kuma ya rantse ya gan shi a kasuwar hatsi bayan motar ta tashi. Ba a kira mu a waya ba, ba a kawo gawa ba. Mahaifiyata ta riƙe maganar mutum na biyun kamar igiya. Kullum sai ta ce, "Mi za ya kai shi Zurmi? Layinai Shinkafi na. Mutumin da ko Banga nan kusa ba ya zuwa sai ya yi man sallama." Aka jira shekarun da malamai suka ce a jira, ta yi takaba don an ce ta yi, ta dawo gidana da zama. Amma buzunsa na salla ba ta bari an taɓa ba.

Ranar da nake ba ku labari bayan azahar ne, ana zafi, gari ya yi tsit. Ina tsakar gida ina tsintar wake. Inna ta ba ni baya tana ɓare gyaɗa, don ita fim a wurinta wasan marasa aikin yi ne. Sabon fim ne da kowa ke yabo a lokacin. Aka zo inda saurayin ya raka budurwar tashar mota a Kano, suna ta maganar nan tasu mai tsawo. Ban ma saurare su ba. Can bayansu, cikin hayaniyar tasha, wani ya buga ƙarfen mota da tafin hannu.

"Saura mutum ɗaya."

Da fiton. Sai tari guda biyu.

Wake ya tsaya mini a hannu. Na ce a raina kunnena ne, na ci gaba da tsinta don kada Inna ta lura. Sai na ga ta daina ɓare gyaɗa. Ba ta juyo ba. Bayanta kawai nake gani, ya miƙe kamar an zare mata wani abu. Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ke. Maida wanga abu baya."

Na mayar. Muka sake ji. Na sake mayarwa. Na ƙura ido a hoton, ina duba kowace fuska a bayan masoyan nan, masu tallan ruwa, masu turin baro, babu shi. Murya ce kawai, tsaye a wani wuri da kyamara ba ta kai ba.

Inna ta ce, "Babanku na. Yana Kano. Na yi ma mai rai takaba."

Daga ranar gidan ya canza. Ta ɗaure kayanta a zane ta ajiye bakin ƙofa. Ta ce Kano za ta, tasha-tasha za ta bi har ta gan shi. Matar da hawan jini ke kwantar da ita, ƙafa ba ta kai ta bakin titi sai ta huta, ga hanya yadda take. Na roƙe ta, mijina ya roƙe ta. Ta ce, "In ba ku kai ni, ku matsa man." Abinci sai a kawo a ɗauke yadda yake. Ta karɓe wayata, matar da ba ta san inda ake dannawa ba ta koyi mayar da fim baya da kanta. Ina kicin ina jin Baba yana kira a ɗakinta, ya yi tari, ya sake kira, ya yi tari.

Ni kuma wani abu ya tsaya mini a kunne. Da na yi ta ji, sai na lura bayan tarin akwai injin niƙa da ke shaƙewa ya sake tashi, da wata mai fura da ke jan kiranta irin namu na nan. Wannan ba bakin Kano ba ne. Na tuna akwai wani fim da na kalla kafin azumi, shi ma da tasha a ciki, wai a Kaduna. Na nemo shi a tsohon memori, na sa a wayar mijina, na toshe kunne ɗaya da yatsa. Ga shi nan. Dukan ƙarfen, fiton, tari biyu, injin niƙa, mai fura. Na nemo na uku, wanda aka ce Jos ne. Nan ma yana nan. Gari uku, mutum ɗaya, tari iri ɗaya, kuma ko sau ɗaya bai faɗi sunan garin da motar za ta ba. Baba kuwa bai taɓa kira bai fara da sunan gari ba. Wallahi a lokacin na fi son a ce mini aljani ne, ko ba komai akwai addu'ar da ake yi masa.

Na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata. Madam muke ce mata, Kirista ce daga kudu, ta daɗe tana sayar da abinci a bakin makarantar poli, kuma ita ce abokiyar kallona, da fim ta ƙarasa koyon Hausa. Na ba ta labari. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta ce, "Kai, kar ka faɗa mini wannan da rana." Haka take ce mini, kai. Na ce ta karanta mini sunayen nan na Turanci da ke gudu a ƙarshen fim, ko za mu samu wanda za a tambaya. Ta karanta na farko, ta karanta na biyu, a na uku ta buga cinya.

"Wannan mai sauti, suna ɗaya ne duka uku. Na san shi. Ɗalibi ne a nan da, yana cin doya wurina. Yana yawo da wani sanda mai gashi a kai, da abu a kunne, mutane suna cewa ya taɓu. Har ƙarar man da nake suya ya ɗauka, ya ce in yi shiru mai yana magana."

Ta bi ta tsofaffin ɗalibai da ke gaishe ta har aka samo lambarsa. Muka kira shi da hantsi, muka sa a sifika, Inna na zaune da ƙullin kayanta a cinya. Na yi masa bayanin komai. Sannan ya ce, "Mama, ki yafe ni. Ban san shi ba, ban taɓa sanin sunansa ba." Ya ce haka aikinsu yake. In ana ɗaukar fim a tasha, korar hayaniya ake yi don a ji maganar 'yan wasa, daga baya shi ya shimfiɗa wata hayaniyar a ƙasa. Yana da ta kasuwa, yana da ta asibiti, yana da ta ruwan sama, duk a ajiye. Ta tasha kuwa tun yana ɗalibi ya ɗauke ta a Kaura, wata safiya guda, kuma bai sake samun mai rai irinta ba. "Sunan garin nake yankewa," in ji shi, "don ta shiga kowane fim."

Inna ta ce, "Wane gari yac ce?"

Ya ce bai tuna ba, amma cikakkiyar tana nan, zai turo. Sai da Madam ta ɗora wayar a kan katanga kafin sabis ya jawo ta.

Muka zauna mu uku a inuwar ɗaki. Na danna. Tashar Kaura ta cika tsakar gidana, injin niƙa, mai fura, hon ɗin mashin. Aka buga ƙarfe.

"Zurmi, Zurmi. Saura mutum ɗaya."

Inna ta runtse ido. Wani ya tsokane shi daga nesa, ya ce yau kuma ɗan Shinkafi ya yi ƙaura. Baba ya ce mai layin ne ba lafiya, yana riƙe masa. Ya yi ta kira, mutum ɗayan bai zo ba. Wata mata a cikin motar ta fara mita, ta ce rana na yi, ɗiyarta na zazzaɓi. Direba ya ce shi ba ya tashi da kujera wofi. Baba ya sake kira sau biyu. Sai muka ji ya yi dariya, dariyar nan tasa da ke ƙarewa da tari.

"To direba, tada mota, ni na cika ta. In sauka Birnin Tsaba in gaida yayata, na kwan biyu ban gan ta ba." Ƙofa ta yi ƙara. Ya ɗaga murya ga wani a waje. "Kai, in ka bi ta gida ka hwaɗa masu, kahin la'asar na komo."

Ƙofar ta rufe. Mota ta tashi. Muka bi ƙararta har ta narke cikin injin niƙa. Mai fura ta ci gaba da kiranta kamar ba abin da ya faru.

Madam na share hawaye da bakin zane. Ni ina kallon Inna, ina jiran ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta buɗe ido, ta ce, "Ashe ya yi sallama. Ɗan aiken na bai iso ba." Sannan ta sa hannu ta kwance ƙullin kayan, ta miƙo mini zannuwan ɗaya-ɗaya in mayar cikin akwati. Ta ce in ɗumama mata tuwon jiya.

Da yamma mai sautin ya sake kira, muryarsa duk ta mutu. Ya ce duk abin da Mama ta ce shi zai yi. Inna ta karɓi wayar da hannu biyu, ta ce, "Ɗana, ban riƙe ka da komi ba, kai ka kawo man saƙona. Amma mota ta cika. Bar shi shi huta." Ya ce ya yi alkawari. A satin ta bayar da buzun sadaka a masallacin unguwa, ta sa aka yi masa addu'a, wannan karon da bakinta ta nema. Ta rayu shekaru bayan nan lafiya lau, har tana leƙo fim tana cewa yarinyar nan ba ta iya kuka ba.

Shi ya sa nake sauraren bayan fage. 'Yan wasan gaba an biya su, sun san ana ɗaukarsu, sun yi kwalliya. Na bayan nan kuwa mutane ne da suka fito neman abincinsu wata safiya, ba su san muryarsu za ta riga su nisa ba. Duk fim ɗin da ya danne su da kiɗa, a wurina ya rage daraja, ko wa ya fito a ciki.

Mai sautin ya cika alkawarinsa, ban sake jin Baba a aikinsa ba. Sai dai ya gaya mini gaskiya tun a lokacin, cewa abokan aiki da yawa sun kwafa a wurinsa, su ma wasu sun kwafa a wurinsu, bai san iyakar inda ta kai ba.

Kuna ta tambayata ra'ayina a kan fim ɗin nan na Sallar bana, na yarinyar da ta gudu daga aikatau, me ya sa na yi shiru a kansa. Farkonsa ya yi kyau, uwar ɗakin ta iya mugunta ba tare da ihu ba. Ƙarshensa ban sani ba, ku za ku gaya mini. Na kai inda yarinyar ta shiga tasha da jakarta, aka buga ƙarfen mota da tafin hannu, na kife wayar a kan tabarma. Inna ba ta nan yanzu balle ta ce a mayar baya. Ni kaɗai ce a tsakar gida, da rana tsaka, da wake a cinya, sai na ji bakina ya ce, "Ta cika, Baba."

Ta ƙarƙashin wayar ya yi tari sau biyu, ya sake kira.